Ƙarfen bakin kadarko ba ado ba ne

Jama'a ƴan kasuwa maza da mata, duk mai bin hanyar ƙasa lamba 1, daga Yamai zuwa Doso, Ƙonni, Maraɗi har Damagaram, kadarko nawa yake ƙetarawa kafin ya sauke kayansa? Mu nawa ne muka taɓa duban ƙarfen da ke bakinsu? Alhali ranar da taya ta fashe ko barci ya saci direba, ƙarfen nan ne kaɗai tsakaninmu da gulbi.

A Turai ba a kafa irin wannan ƙarfe sai an jarraba shi. Bisa ƙa'idarsu EN 1317, ana sako mota mai kilo 900 da gudun kilomita 100 a awa ta doke shi a karkace. Wanda ake so ya tare manyan motoci kuma, a sako masa bas mai tan 13 da gudun kilomita 70. In motar ta keta shi ko ta kife, ya faɗi jarrabawa.

Wurin da ya fi haɗari shi ne mahaɗa, inda ƙarfen gefen hanya ya tarar da katangar siminti ta kadarko. Ƙarfe yana lanƙwashewa in an buge shi, siminti kuwa ko gezau. In ba a ɗaure su tam da kusoshi ba, ba a kuma matso da turaku kusa da juna ba, sai ƙarfen ya lotsa ya miƙa motar ga goshin simintin.

Don haka muna kira ga hukuma kada ta karɓi aikin kadarko daga hannun ɗan kwangila sai ya nuna takardar jarrabawar ƙarfensa, an kuma duba mahaɗa. Wanda mota ta karya a gyara shi kafin damina.

Mu ma da namu laifin. Tun 2005 ƙungiyar UEMOA ta ƙayyade lodin manyan motoci, amma har yanzu muna lafta wa kamyo buhuna fiye da kima, mu hau bisa mu zauna. Ƙarfen da aka jarraba da tan 13 ba zai riƙe wannan ba. Wanda kuma ya kwance ƙarfen hanya ya kawo sayarwa, kada mu saya: ran wani ne ya ɗauko, wataƙila ma namu.

Allah ya kai mu kasuwa lafiya, ya maido mu ga iyalanmu lafiya.