Bel ɗin Babur: A Canza Shi da Lissafi, Kada a Jira Ya Tsinke

Duk wanda ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, tafiyar kusan kilomita 240, ba zai rasa taɓa ganin mutum tsugune a gindin gawo ko aduwa ba, babur jingine kusa da shi, yana jujjuya wani baƙin guntun roba a hannu. Inji lafiya lau yake, akwai mai cikin tanki, taya ba ta sace ba, amma tafiya ta ƙare. Abin da ya tsinke shi ne igiyar roban nan mai ɗaukar ƙarfin inji ta miƙa shi wajen ƙafar baya, wadda masu gyara suke kira bel. Yana cikin kayan babur masu araha, kuma shi ne wanda aka fi mantawa da shi har ranar da zai ajiye mutum tsakanin Gazawa da Tasawa, da tsakar rana, babu rijiya kusa.

Ba kowane babur ne ke da bel ba. Galibin waɗanda ƴan kabu-kabu suke hawa, masu zuwa daga ƙasashen Sin da Indiya, sarƙa gare su. Bel yana jikin tsohuwar mobilet, da kuma ƙananan baburan nan marasa giya waɗanda mata da ƴan makaranta da ma'aikatan biro suke sha'awa yanzu saboda sauƙin tuƙi. Dabarar kuwa tsohuwa ce. Baburan farko da igiyar fata suke tafiya, irin wadda dukawa za su iya yankawa, sai ta jiƙe da ruwa ta riƙa zamewa. A shekarar 1917 wani Ba'amurke, John Gates, ya fito da bel na roba da zare mai shiga cikin kwarmin ƙarfe. Kamfanin Motobécane na Faransa ya fara ƙera mobilet a 1949, Peugeot ya fito da samfurin 103 a 1971, dukansu biyu da bel. An daina ƙera mobilet a Faransa a 2002, amma bel bai bi ta ba. Tun 1980 kamfanin Harley-Davidson ya sa shi a manyan baburansa a madadin sarƙa, abin da ke nuna cewa roba ba raggon abu ba ne in an kula da shi.

Bambancin bel da sarƙa shi ne abin da ya kamata mai babur ya fara ganewa. Sarƙa mai surutu ce: in ta gaji sai ta saki, ta riƙa ƙara, ta faɗi sau ɗaya ko sau biyu, kuma in ta tsinke ana iya haɗa ta da ɗan mahaɗi a bakin hanya. Bel ba ya son mai, ba ya tsatsa, ba ya damun kowa da ƙara, sai dai ranar da ya tsinke ya gama ke nan. Masu ɗinke shi da waya ko zaren buhu sun san iyakar inda wannan dabara take kai su.

Duk da haka bel yana ba da alama ga mai lura. Da gefunansa biyu yake aiki, suna gogar ƙarfe dare da rana, saboda haka a hankali yake sirancewa. In ya sirance sai ya nutse cikin kwarmi, babur ya rage gudu, inji ya riƙa kuka a banza wajen tashi ko hawan tudu, wani lokaci a ji ƙaurin roba. Wanda ya buɗe ya duba zai ga gefen ya yi sulɓi yana ƙyalli, ko ƙananan tsaga sun fito tsakanin haƙoransa, ko zare ya fara leƙowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: tsagar da ba ta kai tsinin allura ba yau, ita ce zafi da ƙura za su buɗa.

Zafi da ƙura kuwa ƙasar nan ba ta rasa su ba. Kamfanoni irin su Honda da Yamaha suna rubuta wa masu ƙananan baburansu cewa a canza bel tsakanin kilomita 20,000 da 25,000. Wannan lissafi ne mai kyau ga wanda ke tafiya bisa kwalta da nauyin da aka ƙayyade. Wanda ke kutsawa cikin rairayin Dakwaro ko Tanut a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, da buhun hatsi a baya da yaro a gaba, ya kamata ya rage wannan adadi da kansa. Rairayi yana riƙe taya, direba ya ƙara wuta, bel ya yi ta zamewa yana ƙuna. Ƙurar hunturu tana shiga cikin murfi ta zama kamar garin dutsen wasa wuƙa. Da damina, wanda ya tsallaka korama ruwa ya shiga murfin, sai ya ga inji na juyawa babur bai motsa ba. Maganin wannan haƙuri ne, a tsiyaye ruwan a bar shi ya bushe. Babban abokin gabar bel shi ne mai. Akwai masu shafa masa baƙin mai don wai ya yi laushi, alhali kuwa mai yana cinye roba, ya sa shi santsi. In aka ga danshin mai cikin murfi, to wani wuri ne yake yoyo, a gyara shi kafin a sa sabon bel, in ba haka ba sabon ma zai bi tsohon.

A nan ne amfanin yaƙi da jahilci yake fitowa fili. A bayan kowane bel akwai lambobi, misali 743-20-30: tsawonsa milimita 743, faɗinsa milimita 20, na ukun kuma kusurwar gefensa. Wanda ya iya karatu zai kwafe su a takarda, ya je kasuwa ya nemi daidai su, ba ya karɓar "ga mai kama da shi". In akwai kibiya a jikinsa, a sa shi ta fuskar da ta nuna. Araha ba ta ado: bel ɗin jabu da ya daɗe rataye a rana a bakin rumfa ya fara tsufa tun ba a saye shi ba. Haka kuma wanda ya iya rubutu zai ajiye ɗan littafi, ya rubuta ranar da aka sa bel da lambar da agogon kilomita ya nuna. In agogon ya mutu, kamar yadda yake a babura da dama, sai a riƙa rubuta tafiye-tafiye, a kuma sa mai gyara ya buɗe ya auna faɗin a farkon bazara da ƙarshen damina.

Wasu za su ce cire abin da bai lalace ba ɓarnar kuɗi ce, ga tsadar rayuwa. Maganar tana da nauyi, amma lissafinta bai cika ba. Bel ɗin da aka cire da sauran ƙarfinsa ba a yar da shi: shi ne zai zama guzurin hanya. A nannaɗe shi a sake cikin tsumma, kada a lanƙwasa shi, kada a haɗa shi da gwangwanin mai. Wanda kuwa ya tsinke ana cikin gudu yana iya nannaɗe ƙarfe ya lalata wasu kayan, wani lokaci ma ya maƙale ƙafar baya ya kayar da mutum. Kuɗin gyara da na motar da za ta ɗauko babur sun ninka kuɗin bel.

Sai dai akwai abin da masu sababbin babura ba su cika sani ba. Tsohuwar mobilet tana da rangwame: bel ɗinta a fili yake, injinta yana lilo bisa sifirin, mai ɗan wayo yana iya canza shi a gindin itace, in ya gagara ya murɗa maɓallin da ke jikin babban faifan ya taka feda kamar keke har gari na gaba. Babur maras giya ba shi da feda. Bel ɗinsa yana cikin rufaffen murfi mai kusoshi da yawa, kuma akwai babban noti da ba ya kwancewa sai an riƙe faifan da ƙarfe na musamman. Wanda ya ɗauki bel bai ɗauki waɗannan kayan aiki ba, iyakarsa ya tura zuwa wurin mai gyara, amma ko a hakan ya fi wanda zai isa ƙauye a ce masa sai an aika birni. Ya kamata duk mai tafiyar nesa ya tsaya ya ga yadda ake canjin sau ɗaya a garinsu. Sauran guzurin sananne ne: ruwan sha kafin komi, sifana, filaya, fulogi, faci da famfo, tocila, waya da caji, da sanar da gida hanyar da za a bi. In abin ya faru a janye daga kan hanya, a jera ganye don masu zuwa, a bar ƙarfe ya huce kafin a taɓa shi.

Sauran magana ta shugabannin ma'aikatu ce da masu furoje. Ana ba malamin gona, ko malamin dabbobi, ko mai duba azuzuwan yaƙi da jahilci babur da takardar shan mai, sa'an nan a manta da kayan gyara har sai abu ya lalace, a shiga rubuce-rubuce. A ɗauki misalin ma'aikacin lafiya da ya ɗauko allurar rigakafi cikin akwatin sanyi. Yawancin waɗannan magunguna ana son su zauna tsakanin digiri 2 da 8. In ƙanƙara ta narke yana zaune a daji, maganin ya shiga haɗari, matan da suka baro daka suka taru da goyo tun safe kuma su watse, wata ba za ta sake dawowa ba. Ya dace kowace ma'aikata ta lura da irin baburin da take aikewa da shi karkara tun wajen saye, ta haɗa kowane ɗaya da littafin kilomita, da bel ko mahaɗin sarƙa na ajiya, da ƙarfunan da suka dace da shi. Mai kula da kaya ya riƙa duba littafin a ƙarshen kowane wata, lokacin da ake raba takardun mai, ya sa hannu.