Wa ke sauraron wayar mutumin Randagi?

A ƙarshen watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse sabis ɗin waya a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Birnin Gwari, bayan an yi haka a Zamfara tun farkon watan. Hujjar da aka bayar ita ce infoma: mutanen da ke zaune cikin gari suna buga wa ɓarayin daji waya, suna gaya musu wanda ya sayar da hatsi da hanyar da sojoji suka bi. Kusan wata biyu aka yi a haka, sai ƙarshen Nuwamba aka maido da layukan.

Mutumin Randagi, can yammacin masarautar Birnin Gwari, ya san abin da wannan ya jawo. Manomin da ya hango jerin babura sun fito daga daji ba shi da hanyar sanar da ƙauyen da ke gaba sai dai ya ruga da ƙafa. 'Yan sa-kai ba su iya kiran juna. Wanda aka ɗauke masa ɗa ya koma neman tudun da zai samu sabis ko da sanda ɗaya ce, don ya ji ko yaron na raye. Su kuwa na cikin daji, a Kamuku da Kuyambana, suna da oba-oba, wasu har da wayar tauraron ɗan'adam. Talaka ne ya rasa murya.

A cikin shekarar 2021 ɗin dai, a watan Yuli, Majalisar Tarayya ta amince da naira biliyan 4.87 cikin ƙwarya-ƙwaryar kasafi ga Hukumar Leƙen Asiri ta Ƙasa, NIA. Biliyan 1.93 na kayan tatsar saƙonnin WhatsApp ne, biliyan 2.93 kuma na sauraron wayoyin tauraron ɗan'adam na Thuraya. Wannan jarida ba ta ga laifin gwamnati ta nemi jin abin da masu garkuwa da mutane ke ƙullawa ba. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari ta Buruku yana salati a kowace kwana ba zai ce kada a bi sawun ɓarawo ba. Abin da ya dame mu shi ne a kan wa wannan ƙarfi yake sauka, kuma wa ke duba masu riƙe da shi.

Da farko ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake. Tun watan Afrilu na 2016 WhatsApp ke kulle kowane saƙo tun daga wayar mai aikawa, kuma ba ya buɗuwa sai a wayar wanda aka aika wa. Kamfanin layi ba ya iya karantawa, shi ma Meta, mai manhajar, ba ya riƙe da makullin. Kamar wasiƙa ce da aka liƙe aka ba direba a tasha: bai san abin da ke ciki ba, amma ya san wanda ya ba shi, ya san wanda ya karɓa, ya san rana da lokaci. Waɗannan bayanai na gefe ba a kulle suke ba. Kiran waya na yau da kullum da saƙon tes kuwa ba su da wannan kariya ko kaɗan. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan masu amfani da layukansu na shekara biyu, kuma ƙarfen sabis yana nuna yankin da waya take duk lokacin da aka yi kira.

A nan ne maganar ke yi wa mutanen Birnin Gwari ciwo. Cinikin kuɗin fansa yawanci ba a wata ɓoyayyiyar manhaja ake yin sa ba. Da layi ake yi, sau da yawa ma da wayar wanda aka sace. A kira yau, a kira gobe, a ce a haɗo da katin waya da buhun shinkafa da sabon babur, a yi makonni ana ja-in-ja. Tun Disamban 2020 aka tilasta wa 'yan Najeriya haɗa layinsu da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, tsofaffi suka yi ta kwana a layi a ofisoshin rajista, kuma a Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira saboda ba a haɗa su ba. An ce duk don a kama masu garkuwa ne. A Janairun 2024 shi kansa Isa Ali Pantami, tsohon ministan da ya jagoranci shirin, ya fito ya ce hukumomin tsaro ba sa amfani da bayanan yadda ya kamata. Ke nan ba kullen WhatsApp ne ya hana a kama kowa ba.

Inda aka ga ƙwazo kuwa an gan shi. A ranar 6 ga Janairun 2019 sojoji suka shiga ofisoshin Daily Trust a Abuja da Maiduguri kan wani labari game da yaƙi da Boko Haram, suka kwashe kwamfutoci da wayoyi, kuma daga baya ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta ruwaito cewa an bincike kayan da na'urorin tatsar bayanai. A 2020 ƙungiyar ta sake nuna yadda 'yan sanda suka yi amfani da bayanan kiran waya wajen kama 'yan jarida, ta hanyar fara kama waɗanda suke yawan magana da su. A Disamban 2020 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta sa Najeriya cikin ƙasashe 25 da ta gano alamun suna amfani da kayan kamfanin Circles, masu iya gano inda waya take da sauraron kiranta da lamba kawai. Idan ana iya nemo ɗan jarida cikin kwanaki a tsakiyar birni, uban da ya sayar da gonarsa ya biya fansa yana da haƙƙin tambayar dalilin da ya sa lambar da ta kira shi sau da yawa ba ta kai kowa ko'ina ba.

To, manhajojin fa, wacce za a amince da ita? Ba duka suke ɗaya ba. Telegram, da mutane da dama ke ɗauka ta fi tsaro, ba ta kulle hira irin wancan kulle sai mutum ya zaɓi hirar sirri da kansa, zaurukanta kuma ba su da shi sam. Bayan an kama mai kamfanin, Pavel Durov, a Faransa a Agustan 2024, Telegram ta sanar cewa za ta riƙa miƙa lambobin waya ga hukumomi idan suka zo da buƙata ta shari'a. Signal ce ta fi ƙarancin ajiyar bayanai: da kotun Amurka ta nemi bayanan wasu masu amfani da ita, abin da ta iya bayarwa shi ne ranar da aka buɗe asusu da ranar ƙarshe da aka shiga. WhatsApp kullenta mai ƙarfi ne, amma a 2019 an shiga wayoyin mutane kusan 1,400 ta cikinta da manhajar Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila. Ba kullen aka fasa ba, wayar aka mamaye, aka riƙa karanta saƙo bayan ya buɗe.

A ƙauyukanmu ma ba a kai ga Pegasus ba. Matasa da yawa GBWhatsApp suke ɗorawa saboda kwalliyarta da ganin saƙon da aka goge, alhali ba ta kamfanin ba ce, kuma ba wanda zai ba da tabbacin inda saƙonninta ke bi. Ana barin waya a shagon caji ba makulli. Ana ba baƙon murya lambobi shida da suka shigo ta tes, a wayi gari an ƙwace asusun. Mafi haɗari shi ne zauren unguwa ko na 'yan sa-kai mai mutum ɗari biyu: saƙon murya ɗaya da ke cewa an ga wane yana kai burodi daji, ko sojoji za su bi ta kaza da asuba, infoma ɗaya ya isa ya tura shi daji kafin a idar da sallar isha'i. Shugabannin irin waɗannan zauruka su tace mambobinsu, su ware maganar tsaro ga mutane kaɗan da aka sani ido da ido, su kunna tabbacin shiga mai mataki biyu.

Sauran nauyin na gwamnati ne. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki ya kare sirrin wayar ɗan ƙasa. Ƙa'idojin da hukumar sadarwa ta NCC ta fitar a 2019 sun ce sai da izinin alƙali za a saurari waya, amma sun bar ƙofa: a halin gaggawa ana iya farawa, a nemi izinin cikin awa 48. Muna kira ga Majalisar Tarayya ta mayar da waɗannan ƙa'idoji doka cikakkiya da aka tafka muhawara a kanta a fili, ta kuma wajabta a riƙa bayyana wa jama'a duk shekara adadin izinin da aka nema, nawa aka bayar, nawa ne na garkuwa da mutane, kuma nawa suka kai ga gurfanarwa. Kwamitocin tsaro na majalisar su nemi bayanin abin da aka saya da biliyan 4.87 ɗin nan da amfanin da ya yi.

Tun bayan sulhu da ɓarayin daji da Gwamnan Kaduna Uba Sani ya jagoranta a Nuwamban 2024, wanda ya sa aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, mutane da dama sun koma gonakinsu. Zaman lafiyar na buƙatar manomi ya iya kai rahoto ba tare da sunansa ya riga shi isa daji ba. Don haka gwamnatin jiha da masarauta su samar da lamba guda ta kai rahoto wadda jami'ai ƙalilan, sanannu, za su riƙe, a hukunta duk wanda ya fallasa mai kira, a gyara ƙarafan sabis da suka lalace a Randagi da Kakangi da sauran gundumomi, kuma a yi wa jama'a alkawari a rubuce cewa ba za a sake katse musu layi gaba ɗaya ba.