Wasiƙa Zuwa ga Masu Gyaran Mota na Zariya: Ku Ji Tausayin Kunnen Direba

Iyayen gidana makanikai, masu walda, masu bugun bodi da masu ɗinkin kujeru, tun daga garejojin Wusasa da Ɗanmagaji a nan gindin Dutsen Kufena, har Ƙofar Doka, Kwangila da Sabon Gari. Allah ya sa wa sana'a albarka.

Maganata a kan ƙarar da ke cika kan mota ce, inda direba yake wuni. Mun saba da ita har mun ɗauka halin motar haya ne. Alhali da yawa daga cikinta a gareji ake haifar da ita, ranar da aka kwance abu aka mayar da shi ba cikakke ba.

Ku dubi J5 da ke ɗaukar mana tumatir da albasa zuwa Kudu. Peugeot ta fito da ita a 1981, kuma uwarsu ɗaya da Fiat Ducato, a masana'anta guda aka ƙera su a Italiya. A Turai irin waɗannan ake mayarwa gida mai tafiya, da gado da wurin girki, kuma masu su sukan kashe kuɗi don kan motar ya yi shiru, duk da hutu kawai suke zuwa. Direbanmu kuwa a cikinta yake neman abinci, a cikinta yake kwana a hanyar Legas. Shi ya fi cancantar wannan kulawa.

Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Ba sai kuna da na'ura ba: idan direba sai ya ɗaga murya kafin yaron motar da ke gefensa ya ji shi, an kai wurin. 'Yan siraran gashin da ke can cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa. Ko a asibitin koyarwa na Shika, ko a cibiyar kula da kunne ta ƙasa da ke Kaduna, abin da za a iya shi ne a sa wa mutum na'urar ƙara ji. Kafin a kai nan ma, ƙara tana gajiyar da direba, tana ɓoye masa hon na mai son wucewa da kukan boris ɗin da ya kusa watsewa.

Don haka ku fara da tushen ƙarar, kada ku fara da kafet. Robar da injin ke zaune a kanta in ta tsage, girgizarsa duk a bodi take sauka. Tayar da ta ci gefe ɗaya gurnani take yi a kwalta. Salansar da ta huje kuwa ta wuce batun ƙara, domin hayaƙinta na ɗauke da iskar da ba ta da wari, mai kashe wanda ya rufe gilashi ya kwanta da injin a kunne. Wanda ya rufe wannan da shimfiɗa ya yi rufin kan uwar daɗi.

Sai ƙofofin da ƙara ke bi, kuma nan ne na fi roƙonku. A Hiace direba a kan injin yake zaune, murfi ɗaya ne tsakaninsu. Robar bakin murfin nan da bargon da ke manne a ƙarƙashinsa, sau nawa yaro ke cire su ya jefar saboda sun yi baƙi? Haka robar gindin sandar giya, da ƙananan robobin da waya ke ratsawa daga injin zuwa cikin mota. Rami kamar bakin kwalba ya isa ya ɓata aikin wuni guda. Oga, ka duba da idonka kafin a ɗaure noti na ƙarshe. Robar ƙofa ma in ta bushe a sauya ta.

Bayan haka ne shimfiɗa ke da amfani. Ƙwanƙwasa ƙofa da ƙasan mota, inda ya amsa kamar gwangwani a manna masa roba mai nauyi. Ba sai an rufe ko'ina ba, tsakiyar farantin ya wadatar. A bi da shimfiɗa mai kauri wadda ba ta shan ruwa. Ku guji soson katifa: yana shan ruwan damina ya ci ƙarfe da tsatsa, kusa da injin kuma ya sha mai ya jira tartsatsi. Ledar kwalta ta gyaran rufin kwano ita ma ba ta jure zafin Maris da Afrilu, narkewa take ta cika mota da wari. Kada kuma a toshe ramukan fitar ruwa na ƙasan ƙofa.

Na san mai mota zai ce ba shi da kuɗin wannan. Ku gaya masa farashin roba, ku gaya masa abin da ƙarar ke yi wa direbansa, ya zaɓa da saninsa. Amma abin da kuka kwance da hannunku, don Allah ku mayar da shi yadda kuka same shi, ku koya wa yaranku haka.