Koya masa saki kafin cizo

Samari, bidiyon karnukan Turai masu cafke hannun mutum ya cika wayoyinmu, kowa na son nasa ya zama haka. To, dakata. A gasar IGP, wadda asalinta Jamus ne, karen da ya ƙi saki bayan umarni uku korar shi ake yi. Biyayya ake dubawa kafin haƙori.

Makiyayan Mai Yara, can Dakoro, sun san wannan: karensu na korar dila, amma ba ya taɓa ɗan akuya. Mu a birni, yaran maƙwabta ne a ƙofar gida. Koya masa saki tukuna, ka kai shi allurar rigakafin haukan kare. In ba za ka iya ba, ɗaure abinka.