Matsafin Da Ke Cikin Wayar Ƙanena



Ranar wata Juma'a, bayan mun sauko daga masallaci a nan Kalambaina, mahaifinmu ya kira ni zaure. Na tarar da wayar ƙanena a kan tabarma, shi kuma ƙanen nawa yana tsugune gefe ya sunkuyar da kai. Wani maƙwabcinmu, mutumin kirki wanda ba na zargin niyyarsa, ya ji yaron suna hira da abokinsa a bakin titi, can inda manyan motocin siminti ke jerin gwano, yana cewa ya kusa kammala haɗa matsafinsa, saura ya ƙara masa ƙarfin wuta. Maƙwabci bai yi wata-wata ba ya kai wa Baba labari cewa ɗansa ya fara koyon sihiri ta waya. Baba ya ce da ni: "Kai ne ka san waɗannan abubuwa. Duba mini. In gaskiya ne, yau zan fasa ta."

Yaron bai ce komai ba sai kalma ɗaya, da harshenmu na gida: "Yaya, wallahi wanga ba tsafi ba na, lissafi na."

Na karɓi wayar na kwana uku. Abin da na gani shi nake son in baje muku, domin na san da yawanku kuna da irin wannan wasa a aljihu, kuma wataƙila zuciyarku ta taɓa yi muku wannan tambaya. Ni ba mufti ba ne, ɗalibi ne mai ra'ayi, sai a karanta da wannan sharaɗi.

Sunan wasan Final Fantasy Tactics. Kamfanin Square na ƙasar Japan ya fitar da shi a 1997 a kan na'urar PlayStation, aka sabunta shi a 2007 don PSP, daga baya ya shigo wayoyin hannu, sannan aka sake yi masa kwaskwarima a 2025. Ba irin wasan gudu da harbi ba ne. Ya fi kama da dara: fili ne mai gida-gida, kana da mayaƙa da yawanci ba su wuce biyar ba, kowa yana jiran layinsa ya zo kafin ya motsa. Kowane mayaƙi kana zaɓa masa sana'a, wannan barde, wancan maharbi, wancan mai magani. Daga cikin sana'o'in akwai wanda suke kira baƙin matsafi, mai jefa wuta da ƙanƙara da tsawa. Shi ƙanena ya ƙwallafa rai a kai.

To, yaya ake haɗa shi ya zama mai ɓarna? Na sa yaron ya zauna ya koya mini, kuma a nan na fara gane abin da yake nufi da lissafi. Kowane mayaƙi yana da lambar ƙarfin jifa, kowane jifa kuma yana da tasa lambar, sai a ninka wannan da wancan. Mata a wasan sun fi maza wannan lamba, shi ya sa matsafin nasa ma ashe mace ce. Sai a ba ta sandar da ke ƙara wa wuta ƙarfi, a koya mata dabarar da ke ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku a kan jifanta, ko kuwa wadda ke rage lokacin jira. Ba a iya ɗaukar duka biyun a tare, dole a zaɓi ɗaya. Farashin wannan ƙarfi kuwa rauni ne. Jininta kaɗan ne, kuma jifa ba ya fita nan take, sai ta tsaya tana haɗa shi. A wannan tsayuwa ba ta iya kauce wa sara, kuma duk wanda ya same ta zai yi mata illa fiye da ta kullum da rabi. Idan ta auna wani maƙiyi, shi kuma ya taho ya shige tsakiyar mutanenka kafin jifan ya sauka, wutar ba ta san na gida ba, har naka za ta ci. Idan ta faɗi ba a tashe ta ba har ƙidayar da ke kanta ta ƙare, ta tafi ke nan, da duk sa'o'in da aka kashe a kanta. Don haka rabin aikin haɗa ta shi ne sanin inda za a ajiye ta, da wanda zai tsaya gabanta.

Abin da ya ba ni dariya shi ne, sana'ar da 'yan wasan suka yarda ta fi kowace ɓarna sunanta ma mai lissafi. Shi ba ya jira, ba ya kashe komai. Yana zaɓar duk wanda lambarsa ke rabuwa da 3, ko 4, ko 5, ko wadda ba ta rabuwa sai da kanta da ɗaya, jifan ya sauka a kansu gaba ɗaya ko'ina suke a filin.

Yanzu mu koma ga tuhumar. Sihiri a addininmu ba ƙaramar kalma ba ce. Aya ta 102 a Suratul Baƙara ta yi maganarsa tare da ambaton Haruta da Maruta, ta danganta koyar da shi ga shaiɗanu, ta ambaci raba miji da mata. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya lissafa shi cikin abubuwa bakwai masu halakarwa, dab da shirka. Mu kuma a ƙasar Hausa ba labarinsa muke ji ba. Mun san matar da ta sayar da ɗan kunnenta ta kai wa boka don a mallake mata miji, mun san ɗan kasuwar da ya binne laya a ƙofar shagon ɗan uwansa. A can akwai niyyar cutar da mutum mai rai, akwai neman taimakon wanin Allah, akwai zuciyar da ta gaskata. Ƙanena bai kira sunan kowa ba, bai yanka komai ba, bai yi zaton wutar da ke kan gilashi za ta ƙona ko da tsinke ba. Ya danna maɓalli, na'ura ta ninka lambobi. Wanda ya kira wannan koyon sihiri ya yi wa yaron ƙazafi mai nauyi ba da sani ba, ya kuma rage wa kalmar kaifi. Ranar da muka saba kiran hoton waya sihiri, da wace kalma za mu tsoratar da mai shirin zuwa wurin boka?

Na faɗa wa Baba haka. Amma ban ce masa wasan wankakke ne ba, domin na ga abin da ya tsaya mini a rai, kuma ba inda maƙwabcinmu ya nuna ba ne.

Da ka fara wasan, abin da zai tambaye ka shi ne ranar haihuwar jarumin, daga nan ya ba shi buruji cikin burujai goma sha biyu. Kowane mayaƙi yana da nasa, kuma jituwar burujai tana ƙara ɓarna ko ta rage ta da kashi 25 cikin ɗari, wani lokaci har 50. Mai son matsafi mai ƙarfi dole ya haddace wane buruji ke jituwa da wane. Na tambayi ƙanena ranar haihuwar wa ya saka, ya ce tasa. Na ce mene ne burujinka, ya faɗa mini ba tare da tunani ba. Na ce yau nawa ga watan Musulunci, ya tsaya yana kallon sama. Wannan shi ne wurin tsoro. Wuta daga sanda ba ta da wurin zama a duniyar gaske, amma duba ta hanyar taurari yana da shi, yana nan a jaridu da shafukan intanet, yana jiran wanda harshensa ya riga ya saba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke cikin garin nan namu, ya soki masu da'awar sanin gaibu ta hanyar bugun ƙasa da taurari a littafinsa Nurul Albabi. Yaron Sakkwato da ya san burujinsa ya manta watansa bai kafirta ba, amma an buɗe masa wata taga da ya kamata wani babba ya tsaya kusa da ita.

Sai kuma wata lamba da suka sa wa suna da kalmar Turanci mai ma'anar imani, daga sifili zuwa ɗari. Ita ce zuciyar haɗa matsafi. Ana ninka ta mai jifa da ta wanda aka jefa: idan duka biyun suna da 70, kashi 49 cikin ɗari na ƙarfin ke sauka, idan wanda aka jefa yana da 40 kawai, sai ya koma 28. Don haka yaron ya yi ta ɗaga wa matsafiyarsa wannan lamba, duk da cewa hakan na sa jifan maƙiya ya fi cin ta. Wanda lambarsa ta yi ƙasa kuwa jifa ba ya kama shi sosai, amma addu'ar warkarwa ma ba ta kama shi. Idan kuma lambar ta zauna a 95 ko sama, mayaƙin yakan ajiye makami ya bar rundunar, wai ya tafi bauta. Na daɗe ina juya wannan. Yasumi Matsuno, wanda ya jagoranci ƙirƙirar wasan, labari ya gina a kan majami'ar da ta lalace tana yaudarar talakawa, kuma masu ƙulla alaƙa da aljanun duwatsu su ne miyagun labarin, jarumin yaƙarsu yake yi. Wannan na yaba. Sai dai darasin da ke ƙarƙashin lambar shi ne imani da saurin yaudaruwa abu ɗaya ne, kuma mai yawan imani ba ya zama cikin mutane. Mu ba haka muka karɓa ba. Mutanen da suka kafa wannan gari malamai ne da suka yi karatu, suka yi mulki, suka yi noma da kasuwanci. Na zauna da yaron muka yi wannan hira har dare, kuma ina ganin ta fi masa amfani a kan fasa wayar.

Ba kowane wasa zan yi wa wannan sassauci ba. A Baldur's Gate 3, wanda ya fito a 2023, akwai nau'in matsafin da ƙarfinsa ke zuwa daga alkawari da wani ubangida, kuma ɗaya daga cikin zaɓin shaiɗani ne. Wannan ma hoto ne, na sani, amma siffarsa ita ce ainihin siffar abin da ayar ta yi magana a kai, kuma kai ne ke zaɓa da hannunka. Ni dai ba zan zaɓa ba, kuma na ce wa ƙanena kada ya zaɓa.

Kada kuma wani ya ɗauki maganata ya ce an halatta masa kwana a kan waya. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda muka karanta a zaure muna yara, ta hana wasan nardu da shaɗaranji, Imamu Shafi'i kuma ya tsaya a kan karhanci game da shaɗaranji idan babu caca kuma bai shagaltar da salla ba. Duk wanda ya bi mai tsanani ya bar wasan baki ɗaya, ba ni da abin cewa sai Allah ya ƙara masa. Wanda ya bi mai sauƙi kuwa, ya sani irin wannan wasa ba shi da uzuri ko kaɗan, domin idan layinka ya zo, filin yaƙin gaba ɗaya tsayawa yake yana jiranka, ko da za ka je Magariba ka zarce Isha'i. Wayar da kanta ta nuna sa'o'in da yaron ya kashe, kuma adadin ya fi ba shi kunya a kan duk abin da maƙwabci ya faɗa.

Ranar Litinin na mayar da wayar zaure. Na yi wa Baba bayanin ninka 70 da 70, da lambobin da ba sa rabuwa, da sharuɗɗan da muka yi da yaron: ba wasa tsakanin kiran salla da sallama, ba wasa bayan ƙarfe goma, kuma ya sake farawa da ranar haihuwar da ba tasa ba. Baba ya saurara har na gama, ya juya wayar a hannunsa, ya dubi ƙanena ya ce: "To, tunda lissafi na, kawo mini sakamakon jarrabawarka ta lissafi ta zangon da ya wuce."

Har yanzu wayar tana aljihun Baba.