Haibirid ko motar lantarki: Lissafin da ya kamata ɗan Zariya ya yi kafin ya biya dillali

Wani aminina da ke zaune a Samaru, mai shagon kayan gini a Sabon Gari, ya sayar da tsohuwar motarsa a watan jiya bayan ya gaji da kwashe ribarsa yana kai wa gidan mai. Ƙaramar jif yake so, irin wadda ba ta kai Prado ba amma ta ɗara Corolla tashi daga ƙasa, saboda ramukan layinsu idan damina ta kankama.

Da muka haɗu bayan sallar Juma'a sai ya ce min, "Malam, in sayi ta lantarki ne in huta da mai gaba ɗaya, ko kuwa haibirid ɗin nan da ake ta magana?"

Na ce masa haibirid. Ya ce sai na kawo hujja, domin shi kuɗi zai fitar, ba ni ba. Gaskiyarsa. Kuɗin irin waɗannan motoci miliyoyi ne masu yawa, kuma wanda ya yi kuskure a nan zai shekara biyar yana cizon yatsa.

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Daga nan ne mutanen da a da ba ruwansu da yadda mota ke shan mai suka koma masu biro da takarda.

Bambancin motocin biyu ba shi da wuyar fahimta. Haibirid, irin su Toyota Corolla Cross Hybrid, C-HR, Honda Vezel ko Kia Niro, tana da injin fetur da kuma ƙaramin batir da ke taimaka masa. Ba a jona ta da wuta. Injin da kansa da kuma taka birki su ke caja batirin, kuma idan ka tsaya a cunkoson Kwangila ko PZ sai injin ya mutu, batir ya ci gaba da riƙe motar. Ta lantarki zalla kuwa, irin su Hyundai Kona Electric ko BYD Atto 3, ba ta da tanki, ba salansa, ba baƙin mai. Babban batir ne shimfiɗe a ƙarƙashinta, kuma duk abin da za ta ci daga soket yake fitowa.

Mu yi lissafin wata guda

Daga Samaru zuwa Sabon Gari da dawowa, a haɗa da kai yara makaranta da ɗan zuwa gaisuwa cikin birni ko Tudun Wada, mu ce kilomita 40 a rana. A wata kimanin kilomita 1,000 ke nan. Mu ɗauka lita naira 1,000 don sauƙin lissafi, mai karatu ya sauya da farashin da ya tarar a gidan mai yau.

Tsohuwar jif mai fetur zalla da ke shan lita 10 a kilomita 100 cikin gari za ta cinye naira 100,000. Haibirid, ko da an kunna AC, tana tsakanin lita biyar da shida, wato wajen naira 55,000. Ta lantarki na cin kusan yunit 17 a kilomita 100, idan aka ƙara abin da ke salwanta wajen caji sai a ce yunit 190 a wata. A farashin Band A, wanda hukumar NERC ta ɗaga zuwa naira 225 a Afrilun 2024 kafin ya ɗan sauko zuwa wajen 210, kuɗin ya kama kusan naira 40,000.

To ka duba da kyau. Babban sauƙin yana tsakanin tsohuwar mota da haibirid ne, naira 45,000 a wata. Abin da ta lantarki za ta ƙara maka a kan haka bai wuce 15,000 ba. Kuɗi ne, ban raina ba, kuma akwai ƙarin sauƙin juyen baƙin mai da filogi da ba za ka yi ba. Amma tambayar ita ce me za ka jure kafin ka samu wannan 15,000 ɗin.

Wanda ke layin da ba Band A ba zai ce ai shi yunit ɗinsa ya fi araha nesa ba kusa ba. Haka ne. Sai dai arahar tasa ta zo ne da ƙarancin wutar. Inda wuta ke da arha babu ita, inda take akwai kuma ta yi tsada. Hatta Jami'ar Ahmadu Bello da girmanta sai da hukumominta suka fito fili a 2024 suna kokawa kan kuɗin wutar da ake kawo musu.

Dole in yi wa motar lantarki adalci a nan, domin akwai wata magana da ake yawan yi wadda ba daidai ba ce. Ana cewa sai ta kwana ta wuni a jone kafin ta cika. Idan daga sifili za ka cika batirin Kona mai yunit 64 da soket ɗin gida, e, za ka haura awa 24. Amma mai tafiyar kilomita 40 a rana yunit bakwai kawai ya ƙona, kuma awa uku zuwa huɗu na wuta sun mayar masa da su. Ko a unguwannin da wuta ke wasan ɓuya, ana iya samun awa huɗu a yawancin ranaku.

Matsalar tana cikin kalmar "yawancin". A Oktoban 2024, bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna kuma ɗaya layin da ke kawo wuta ta Binuwai ya samu matsala, jihohin Arewa da dama sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Mun ga yadda masu ƙanƙara da masu walda da masu cajin waya suka shiga wani hali. Da a lokacin motarka ɗaya tilo ta lantarki ce, kuma cikin dare naƙuda ta kama maiɗakinka sai an kai ta Shika, da wa za ka kira? Ba ma sai an je ga babbar matsala irin wannan ba. Taransifomar unguwa ta ƙone, a yi wata biyu ana karo-karo kafin a gyara, wannan kowa ya san shi. Sannan akwai wutar da ake kawowa ba ƙarfi, wadda ko fanka da ƙyar take juyawa. Cajar mota ba ta karɓar irin wannan, yankewa take yi.

Aminin nawa ya ce ai yana da janareto. Nan ne lissafin ya rushe gaba ɗaya. Ƙaramin janareton fetur na gida da wuya ya ba ka fiye da yunit biyu daga lita guda. Yunit 190 ke nan sai ka ƙona lita kusan 100, daidai da abin da tsohuwar motar da ka sayar take sha, ga ƙara ga hayaƙi a tsakar gida. Ka gudu daga gidan mai da mota, ka koma da jarka.

Sola ita ce amsar gaskiya, kuma rana ba abin da muka rasa ba ne a Zazzau. Amma mota tana Sabon Gari a ƙofar shago lokacin da rana ke dukan rufin gidanka na Samaru. Ke nan ko ka sa farantan a shago, idan kana da rufin da zai ɗauka da wurin fakin da ke naka, ko kuma ka sayi babban batirin gida da zai tara wutar rana ya juye wa mota da dare. Ƙarin faranta na wajen kilowat biyu, inbata mai ƙarfi da batirin litiyam, wasu miliyoyin ne daban da dillalin mota ba zai ambata maka ba. A lokacin hunturu kuma sai ka riƙa wanke ƙura daga farantan kusan kullum.

Bayan Kwangila fa?

Ɗan Zariya ba a Zariya kaɗai yake tuƙi ba. Kaduna kilomita 80 ce, Kano kusan ninki biyu, ga biki a Funtuwa, ga ta'aziyya a Katsina. A takarda, Kona mai babban batir na yin sama da kilomita 450 a caji guda. A kan babbar hanya, da gudu da AC da mutum biyar da kaya a but, ka rage kaso mai kauri daga ciki. Kaduna da dawowa ba matsala. Kano da dawowa za ta yiwu, amma daga Kwanar Ɗangora idonka na kan allo ba kan titi ba. Abuja kuwa dole sai ka nemi caji a can kafin ka juyo.

Wuraren cajin jama'a da ake da su a ƙasar nan yawancinsu a Legas da Abuja suke. Lokacin da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, yake shugabantar hukumar NADDC, an kafa tashoshin caji masu aiki da sola a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021, da Jami'ar Legas da ta Nsukka, a daidai lokacin da aka fara haɗa Kona ta lantarki a Legas. Tunani ne mai kyau, kuma na daɗe ina mamakin yadda garin da ke da jami'a irin ABU da cibiyar fasahar sufuri ta NITT da kwalejin jiragen sama bai zama kan gaba a wannan harka ba. Amma mai sayen mota yau da abin da ke ƙasa zai yi aiki.

Haibirid kuwa ka cika tankinta sau ɗaya ta kai ka kilomita 600 ko fiye. Ko lokacin wahalar mai, wanda ke shiga layi sau biyu a wata ya fi mai shiga duk mako kwanciyar hankali.

Sai maganar gareji, wadda a ganina ta fi komai nauyi. Bakanikenmu na Sabon Gari ya san injin Toyota da Honda kamar yunwar cikinsa, kuma rabin haibirid wannan injin ne. Ƙafa, birki, shokoba, duk abin da ya saba gani ne. Ɗaya rabin, na batir da inbata, yana buƙatar mai na'urar kwamfuta, kuma samarin da suka koyi wannan aiki suna ƙaruwa a Kaduna da Kano, domin fasahar ba sabuwa ba ce. Tun 1997 Toyota ta fitar da Prius. Motar lantarki ba ta cika lalacewa ba, wannan gaskiya ne, kayan da ke motsi a cikinta kaɗan ne. Amma ranar da ta tsaya, babu rewayan da zai taɓa ta, kuma bai kamata ya taɓa ba, domin wutar da ke cikin wayoyinta masu ruwan lemo tana kisa. Sai a ɗora ta a babbar mota zuwa Abuja ko Legas, ka zauna jiran kaya daga Chaina ko Koriya.

Kada a ɗauka haibirid ba ta da nata ciwon. Yawancin waɗanda ke shigo mana Beljiyam ne da suka yi shekaru a waje, kuma batirinsu ya fara gajiya. Zafin Maris da Afrilu da ke kusantar digiri 40 ba ya yi wa kowane batir daɗi. Na taɓa raka wani ɗan'uwana wajen wani dillali da ya rantse mana batir sabo ne, bayan wata huɗu allo ya cika da jan rubutu, canjin batir ya cinye duk abin da ya yi tattali na mai a shekara. Don haka duk mai saye ya je da mai na'ura a auna lafiyar batirin a gabansa kafin a yi maganar kuɗi. Akwai kuma ɗan abin da mutane ba su lura da shi: batirin haibirid yana shaƙar iska ta wata kafa da ke gefen kujerar baya. Ƙurar hunturu na toshe ta, wasu ma su rufe ta da leda ko rigar kujera ba su sani ba. Batir ya yi ta dahuwa har ya mutu.

Wannan gargaɗi ya ninka ga mai sayen tsohuwar motar lantarki. A haibirid batiri wani ɓangare ne na mota. A ta lantarki shi ne mafi tsadar abin da ka saya. Tsofaffin Nissan Leaf, waɗanda batirinsu ba shi da ruwan sanyaya, sun sha wahala a yankuna masu zafi irin Arizona ta Amurka, kuma zafinmu bai gaza nasu da yawa ba. Ranar da za ka sayar ma, mai saye zai yi maka irin tambayoyin da nake yi yanzu, ya karya farashi.

Akwai waɗanda zan ce musu su sayi ta lantarki ba tare da na yi jim ba. Mai gida da mota biyu, wanda ya riga ya zuba sola mai ƙarfi, kuma ta biyun aikinta kai yara makaranta da cefane. Haka ma asibiti ko makaranta ko kamfani mai motocin da ke zagaye cikin gari su dawo su kwana wuri ɗaya. Abin da ya sa ta fara kama ƙasa a Maiduguri ke nan, inda Mustapha Gajibo ya fara da ƙananan bas-bas masu caji da sola, daga baya gwamnatin Borno ta shigo da tasi da bas na lantarki. Hanya gajera, wurin caji nasu, masu gyara nasu. Bas ɗin Samaru zuwa Sabon Gari da 'yan A Daidaita Sahu su ne suka fi kowa dacewa da wannan tsari, kuma da gwamnatin Kaduna ko ƙaramar hukumar Sabon Gari za su sa hannu, daga nan ya kamata su fara, da rumfar sola a tasha. Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur a 2024, amma a lokacin tana dab da kammala madatsar ruwa mafi girma a Afirka wajen samar da lantarki.

Aminin nawa mota ɗaya zai saya, kuma ita ce ta shago, ita ce ta asibiti, ita ce ta Kano. Ya ce zai je Kaduna ranar Asabar ya duba wata C-HR da wata Vezel. Na ce masa, "Alhaji, ka ɗauki mai na'urar daga nan, kada ka yarda da wanda dillali zai kira maka." Ya ce to, amma ni zan biya kuɗin man zuwa tunda ni na hana shi ta lantarki.