Zuciyar Mai Doguwar Jinya Ita Ma Tana Bukatar Magani

Duk wanda ya taɓa kwana a gefen gadon mai amosanin jini a daren da ciwon ya tashi, ya ga saurayi baligi yana murƙususu riƙe da cinyarsa, uwa na gasa masa gaɓoɓi da tsumma da ruwan ɗumi, ya san cewa azabar ba ta ƙarewa da wayewar gari. Domin ko allura ta kwantar da raɗaɗin, takan bar shi da fargabar ranar da zai dawo, da takaicin jarrabawar da ta wuce shi, da tunanin bashin da mahaifinsa ya ciwo saboda shi. An ƙiyasta cewa jarirai wajen 150,000 ake haifa da wannan lalura kowace shekara a Nijeriya, ban da masu ciwon baya da sanyin ƙashi da suka shekara suna fama. Ra'ayina shi ne, wajibi ne duk asibitin da ke duba waɗannan bayin Allah ya tanadi masanin halayyar ɗan Adam wanda zai zauna da su, ya saurare su.

Hujjar wannan tana cikin halittar jiki kanta. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka bayyana cewa saƙon zafi, kafin ya isa ƙwaƙwalwa, yana ratsa wata ƙofa a cikin laka, wadda halin da zuciya ke ciki yake iya faɗaɗawa ko ƙuntatawa. Shi ya sa idan tsoro ya hana majinyaci motsi, jiki ya sage, barci ya ƙaurace, sai zafin ya tsananta, tsananinsa kuma ya haifi sabon tsoro. Aikin masanin shi ne yanke wannan zagaye: ya koya masa kama tunanin da ke raya masa cewa ya zama kaya a wuyan danginsa, ya auna shi da hankali, ya koya masa daidaita numfashi, da rarraba aiki gwargwadon ƙarfinsa, da gyara barci. Wannan ba ya maye gurbin maganin likita, amma yana mayar wa mutum da ragamar rayuwarsa.

Masu ganin abin baƙo ne, ko kuwa rauni ne a tawakkali, ya kamata su tuna da Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, wanda a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ya yi bahasi a kan tsoro da baƙin ciki da fushi da waswasi a matsayin cututtuka masu magani, har ya shawarci mutum ya tanadi kyawawan tunani a lokacin natsuwa domin ranar tsanani. Annabi Ayuba, alaihis salam, wanda da shi ake buga misalin haƙuri, shi ma ya kai kukansa ga Ubangijinsa, wannan kuwa bai rage masa daraja ba.

Mu kuwa, da zarar jinya ta yi tsawo, sai masu dubiya su ɗauke ƙafa, a fara cewa raki ne ko son jiki, a sallame shi da "ka yi haƙuri", alhali ba a nuna masa hanyar haƙurin ba. A irin wannan kaɗaici ne wasu ke faɗawa cikin tramadol ko allurar pentazocine har su kasa rabuwa da su.

Za a ce masanan ba su da yawa, kuma gaskiya ne. Amma a Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya horar da dattijai mata suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, aka kuma ga amfaninsa. Tun da Nijeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, gwamnatocin jihohinmu ba su da uzurin jinkiri: su horar da ma'aikatan jinya, su keɓe ɗaki a kowane sashen masu amosanin jini, malamai kuma su faɗa a kan mumbari cewa neman wannan taimako neman magani ne, neman magani kuwa shari'a ta yi umarni da shi.